Jan kala a Tumfure: littafin aikin interlok ɗin farfajiyar Islamiyya

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025

Yau aka ba mu kafin alƙalami. Aikin shi ne shimfiɗa interlok a farfajiyar wata makarantar Islamiyya da ke Tumfure, murabba'in mita 400. Ɗan bulon da muke bugawa tsawonsa santimita 20, faɗi 10, kauri 6, wato guda 50 ke rufe mita ɗaya. Guda 20,000 ke nan: ja 16,000, baƙi 4,000 na gefe da na layin sahu, don a farfajiyar ɗalibai suke sallar la'asar. Mol ɗinmu, wato mazubin da ake buga bulon a ciki, 800 ne. In wuta da lafiya sun bari, kwana 25 na bugu.

Dalilin buɗe wannan littafi shi ne aikin bara. Gida ɗaya muka shimfiɗa ya fito ja kala uku, kuma da mai gidan ya tambaye ni abin da ya faru, babu wanda ya iya tuna gwangwanin kala nawa aka zuba a wace rana. Bana komai sai an rubuta.

Na kuma yanke shawarar barin garin kala, mu koma mai tsaki. Sinadarin ɗaya ne, oksayid na ƙarfe, ɗan uwan tsatsa. Bambancin kawai shi ne a masana'anta an dunƙule garin ya zama 'yan ƙananan ƙwayoyi kamar acca, yana zuba kamar sukari, ba ya tashi sama in an buɗe buhu. Kawu, wanda ya fi shekara talatin yana harkar siminti, ya murza shi a tafin hannu ya ce, "Ɗan nan, wannan ai abincin tsuntsu ka sayo mana. Da gari muka saba." Na ce, "Kawu, ku ba shi sati ɗaya." Bai amsa ba, ya dai kaɗe hannu.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Kaya sun iso: buhu uku na ja, ɗaya na baƙi, kowanne kilo 25, da ɗan kilo biyu na rawaya da na karɓo don gwaji. Siminti na Ashaka ne, kuma na ce a sauke mana na fuskar bulon, wato ɓangaren sama da ke ɗauke da kala, gaba ɗaya a lokaci guda, buhu 40. Launin siminti yakan ɗan bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan, kuma duk kalar da ka zuba a kan wannan tokar take hawa. In ka canza siminti a tsakiyar aiki, ka canza kala ko da awonka bai motsa ba.

Kafin in biya kuɗin baƙin sai da na gwada shi da maganaɗisun tsohuwar sifika. Ya manne, ya yi gashi-gashi a jikinsa. Haka baƙin oksayid na gaskiya yake yi. Bara wani ɗan kasuwa ya sayar mana da wani baƙi mai araha, mara nauyi, mai shafa hannu kamar baƙin tukunya. Wannan kabon ne, maganaɗisu ba ya ɗaukarsa, kuma damina ɗaya ta wanke shi daga fuskar bulon ya koma toka-toka. Jan kuma na zuba cokali ɗaya a kofin gilas da ruwa na bar shi ya kwana. Oksayid ba ya narkewa, kwantawa yake yi a ƙasa. In ka wayi gari ruwan saman yana nan jawur kamar zoɓo, to an haɗa da rini, kuma rini ba ya jure ranar Gombe.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Gwajin farko ya ba mu kunya.

Yara sun yi yadda suka saba: yashi da garin dutse da siminti da kala duk a ƙasa, a juya da shebur, a zuba ruwa. Da aka zare mol yau da safe, fuskar bulon ba ja ba ce, ruwan hoda ce mai ɗigo-ɗigon ja, wani wurin har da jan zane kamar an ja farce. Kawu ya ɗaga ɗaya sama yadda kowa zai gani, ya ce, "Ga zabuwarka nan."

Ban yi musu ba, don laifin nawa ne. Ƙwayar nan ba ta watsewa da kanta. Sai yashi da tsakuwa sun murƙushe ta tukuna ta koma gari ta bi jikin siminti, kuma shebur ba shi da wannan ƙarfin. An yi ta ne don manyan injinan kwaɓi masu fiffike a ciki. Mu kuwa miksarmu irin mai tulu ce, mai juyawa kaya suna faɗowa. Saboda haka sai mun ba ta lokaci, kuma sai mun bi tsari.

Da yamma muka sake, a cikin miksa wannan karon. Yashi da garin dutse da ɗan kwanon ƙananan tsakuwa suka fara shiga, sai kala, ba siminti ba ruwa, aka bar su suna juyawa minti uku ina riƙe da agogon waya. Yashin hunturu ya bushe ƙayau, sai na sa aka ɗan yayyafa masa ruwa kaɗan, don danshi yana taimaka wa ƙwayar ta fashe. Sai da yashin ya koma ja bai ɗaya, na damƙo na murza ban ji ƙwaya ba, sannan siminti ya shiga, daga ƙarshe ruwa.

Na buga jeri biyar don ganin awo. Ana lissafa kala ne da nauyin siminti, ba da yawan kwaɓin duka ba. A kan buhu mai kilo 50: kilo 1, kilo 1 da rabi, kilo 2, kilo 3, kilo 4. Wato kashi 2, 3, 4, 6 da 8 cikin 100. Na rubuta lamba a bayan kowane mol da fenti.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Babu ɗigo ko ɗaya. Kawu ya duba ya duba, ya ce, "To." A bakinsa wannan yabo ne.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Jerin gwajin ya yi sati, ya bushe, yanzu ake ganin kalarsa ta gaskiya. Ɗanyen bulo kullum yana yaudara, ya fi duhu. Na jera su a inuwa na kira Malam shugaban makaranta, ban gaya masa awon kowanne ba. Na kilo 1 ya ce ya koɗe. Na kilo 2 ya yi masa. Na kilo 3 da na kilo 4 ya kasa bambance su, ni ma da ban ga lamba ba da ban bambance ba. Kala tana da iyaka: daga wajen kashi 5 ko 6 siminti ya ƙoshi, duk abin da ka ƙara kuɗi kake binnewa. Ƙa'idar masu wannan sana'a ma ba ta yarda a wuce kashi 10 ba, don garin yana shan ruwa, yana iya rage ƙarfin kankare. Mun tsaya a kilo 2 na ja, kilo 2 da rabi na baƙi.

Na kuma raba yara da gwangwani. Na auna cikin gwangwanin da suka saba da shi, ɗaya gari ɗaya tsaki, a kan sikeli. Mai tsakin ya fi nauyi, don ya fi zama a gwangwani. Da mun ci gaba da "gwangwani huɗu" irin na da, da buhu uku ba su kai mu ƙarshen aiki ba. Yanzu kowace safiya ni nake auna kilo biyu-biyu a leda in ɗaure. Ruwa ma an yi wa bokiti alama, don kwaɓin da ya yi ruwa da yawa jansa fari-fari yake fitowa.

Rawayar ba za ta shiga aikin ba. A kan simintin toka ta fito kamar tsohuwar ƙasa. Ƙanena da ke karatun kimiyyar sinadarai a jami'ar jiha ya ce tokar siminti ita kanta daga ƙarfen da ke cikinsa take, shi ya sa masu son rawaya mai haske suke neman farin siminti, wanda ƙarfensa kaɗan ne. Kuɗinsa ba na makarantar Islamiyya ba ne.

Da ragowar rawayar ya yi mana wani wasa. Ya zuba cokali biyu a murfin gwangwani ya ɗora a kan garwashin mai shayi. Muna kallo ta fara duhu, ta koma ja. Ya ce rawayar oksayid ce mai ruwa ɗaure a jikinta, in zafi ya wuce kamar digiri 180 ruwan ya fita sai ta zama ja. Kawu ya ce, "Ashe abin da ke faruwa da tukunya ke nan in an gasa ta." Daga nan hira ta ɓalle. Ya ba mu labarin jan daɓe na gidajen ma'aikata na da, wanda ake gogewa har ya yi ƙyalli, da kakansa da ya ga maƙera suna narka tama. Duk dangi ɗaya ne: jar ƙasar marmara, tamar da ake haƙa a Itakpe ta jihar Kogi, jan fentin da masu walda ke shafa wa ƙofa kafin fenti na gaske, da wannan da ke cikin buhunmu. Ni dai ban taɓa haɗa su a raina ba sai yau.

Talata, 18 ga Nuwamba

An fara bugu na gaske tun jiya. Fuska mai kala santimita ɗaya a ƙasan mol, a girgiza, sannan a cika da kwaɓi mara kala, a sake girgizawa. 800 jiya, 760 yau saboda bel ɗin teburin girgiza ya tsinke.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Wannan rana zan daɗe ban manta ta ba.

Yaron miksa, wanda bai fi shekara ashirin ba, ya zo mini da safe ido ya raina fata. Ya ce, "Maigida, jini nake tofarwa." Ya nuna mini kaki a ƙasa, ja. Gabana ya faɗi. Na ɗauke shi a babur zuwa asibitin sha-ka-tafi. Ma'aikacin lafiyar ya duba maƙogwaronsa da ƙirjinsa, ya tambayi sana'arsa, ya sa ya fyace hanci a auduga. Ba jini ba ne. Kala ce.

Na ce ta yaya, bayan mai tsaki muke amfani da ita? A hanyar dawowa na gano. Ƙwayar ba ta ƙura a buhu, gaskiya ne. Amma minti ukun nan na juyawa a bushe, ai mu da kanmu muke mayar da ita gari, kuma yaron yana tsaye a bakin tulun yana leƙawa ko ta fashe. Ni na koya masa leƙen.

Abin da ma'aikacin lafiyar ya faɗa shi ya fi tsaya mini. Ya ce jan ba shi ne babban abin tsoro ba. Ƙurar oksayid in mutum ya shekara da shekaru yana shaƙa tana taruwa a huhu, har ta fito a hoton ƙirji, abin da ake gani wurin tsofaffin masu walda, amma ita kaɗai ba kasafai take lalata huhu ba. Wadda ke lalatawa ita ce ƙurar yashi da garin dutse, mai silika, wadda ke sa huhu ya yi tabo ya ƙandare, ba ya kuma warkewa, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ita ba ta da launi. Ya ce duk inda jan nan ya kai a jikin yaron, waccan ta riga shi zuwa.

Shekara nawa muna wannan aiki, ba wanda ya taɓa tsorata da farar ƙura. Sai da ta sa jan kaya muka gan ta.

Da muka dawo na zagaya wurin da wannan ido. Ja a saman katangar maƙwabci. Ja a murfin randar ruwan sha. Ja a kan tabarmar da muke sallah, da ledar burodin da yara suka rataye a jikin rumfa. Kalar da na saya don kwalliya ta zama mai tona asiri.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Ba a yi bugu ba yau, gyara aka yi. An yanka murfi daga tsohon durom ana rufe bakin miksa lokacin juyin bushe, ba leƙe, agogo ne zai faɗa. An juya miksar yadda iskar hunturu, mai zuwa daga arewa maso gabas, za ta kwashe ƙurar ta yi bayan fili da ita, ba ta bi ta kan mai aiki ba. Randa da abinci sun koma ɗakin maigadi. An hana shara a bushe, sai an yayyafa ruwa.

Takunkumi kuma na sayo mai lamba N95. Shuɗin nan na asibiti da muke sawa tun zamanin korona ba ya tare ƙura mai laushi, ta gefe take shiga. Matsalar ita ce gemu: in takunkumin bai kama fata ba, rabin aikinsa ya tafi. Kawu ya ce shi kam ba zai taɓa gemunsa don siminti ba, kuma ban isa in ce masa ya taɓa ba. Muka yi sulhu: ya bar wajen miksa gaba ɗaya, ya koma kan zare mol da duba kaya, inda dama idonsa ya fi amfani.

Na ƙara da safar hannu ta roba da dogon takalmi. Wannan ba don kala ba ne, don ɗanyen siminti ne, wanda kaifinsa ya fi na kanwa nesa ba kusa ba, yana cin fata a hankali ba ka ji sai ta tsage. Kala a hannu sabulu ne maganinta, ban da fetur ko kananzir da yara ke son wankewa da su. In wani abu ya faɗa ido, ruwa mai tsabta a yi ta zubawa minti goma sha biyar, ba murzawa. Na ajiye buta biyu cike a gindin rumfa don wannan kawai.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Bulo 6,900 a ƙasa. Da na shiga sito na tarar an jingina buhun baƙi da bangon da janareta ke hura wa zafi. Na sa aka ɗauke. A takardar bayanin kayan an rubuta kada baƙin ya yi zafin da ya wuce digiri 80, don daga nan yana iya fara jan iska yana ƙara zafi da kansa, har ya kama abin da ke kusa, ga shi kuma buhun takarda ne. Jan ba shi da wannan hali, ya riga ya gama shan iskarsa. Duk buhunan yanzu suna kan katako, nesa da ƙasa, don danshi yana dunƙule su.

Ƙanena ya ƙara mini wani. Maƙwabtanmu masu haɗa tagogin alminiyam ne, kuma garin yankansu yana taruwa a jikin katangar da muka haɗa. Ya ce oksayid na ƙarfe da garin alminiyam in suka haɗu suka kama wuta, zafinsu yana narka ƙarfe, da shi ma ake walda layin dogo. Ya ce ba abu ne da ke tashi da sauƙi ba, amma ba dalilin da zai sa sharar biyu ta haɗu a rami ɗaya. Na yi magana da maigidansu, mutumin kirki, kowa ya ware wurin zubar da tasa.

Talata, 2 ga Disamba

Matar maigadi ta roƙi buhunan kala da suka ƙare za ta zuba wake. Na hana, na ba ta buhun shinkafa biyu daga gida. Ba ta ji daɗi ba, tana ganin rowa ce.

Ruwan wankin miksa ma ya jawo magana. Yana bin kwata ya fita titi, ragon wani maƙwabci fari tas ya koma gida da jan safa. An yi dariya, amma na san ba jan ne zai cuci dabba ba, ruwan simintin ne. Mun haƙa ɗan rami, ruwan yana kwanciya a ciki, na saman mu sake wanki da shi, laka in ta bushe ta shiga cikon ƙasa.

Litinin, 8 ga Disamba

Wani mai gidan gona daga wajen Dadin Kowa ya biyo, ya ji ana cewa muna da "tsakin oksayid". Yana da rumbun gas na kashin shanu, gas ɗin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai yana cin bututu, an ce masa oksayid ke tace shi. An gaya masa gaskiya, amma ba irin namu ba. Na tace gas ƙwayoyinsa manya ne masu ƙofofi, an yi su don su daɗe ba su fashe ba, gas yana ratsa su suna kama sinadarin farar wuta. Haka ma wanda ake tace gubar asanik da shi daga ruwan sha a wasu ƙasashe. Namu kuwa an yi shi ne musamman don ya fashe. In ya zuba shi a bututu, taɓo zai zama ya toshe. Ƙanena ya ja masa kunne a kan abu ɗaya: in na tace gas ɗin ya ƙoshi ya yi baƙi, kada a juye shi a bushe a tara, don yana shan iska yana zafi har ya iya kamawa. A jiƙa shi, a baza shi a fili, nesa da ciyawa.

Asabar, 13 ga Disamba

Bulo 15,200 a ƙasa. Wani farin gari ya fito a kan bugun makon farko, kamar an barbaɗa gishiri. Malam ya gani ya ce kalar ta fara koɗewa tun ba a shimfiɗa ba. Na jiƙa ɗaya da ruwa a gabansa, jan ya dawo. Ba kala ce ta tafi ba, farar ƙasar cikin siminti ce ruwa ya jawo waje, ta haɗu da iska ta bushe a sama. Laifinmu a nan shi ne ban-ruwa: a jiƙa da rana tsaka, hunturu ya busar nan take, a sake jiƙawa. Yanzu muna jiƙawa sau ɗaya da safe mu lulluɓe da leda har kwana bakwai. Waɗanda suka riga suka yi farin, buroshi a bushe, sauran kuma takun yara da damina za su cinye. Wani ya ba da shawarar ruwan batir. Na ƙi. Yana cin fuskar bulon, ga haɗarin ido.

Litinin, 22 ga Disamba

An gama bugu ranar Asabar, 20,350 har da na ko-ta-kwana. Kala ta rage kusan kilo 6 na ja da kilo 4 na baƙi, na ɗaure na rubuta awon a jikin buhun saboda gyaran gaba.

Yau aka fara shimfiɗa daga gefen gabas, da bulon da ya cika kwana 28. Na ce a riƙa ɗebowa daga tari uku a lokaci guda ana cakuɗawa, don ɗan bambancin da ke tsakanin bugun wannan rana da waccan ya ɓace a cikin jama'a. Layin sahu na farko Kawu ne ya ja igiyarsa da kansa, bayan Malam ya tabbatar da alƙibla.

Saura yankan gefe, wanda ya fi kowane mataki ƙura. Giranda a kan busasshen bulo hayaƙi take tayarwa, ga azuzuwa a kusa. Na ce ba za a yanka ko ɗaya ba sai ranakun Alhamis da Juma'a da babu karatu, da faifan yankan ruwa, mutum ɗaya yana yanka ɗaya yana tsiyaya ruwa daga jarka, wayar wuta a rataye sama. Mai girandar ya ce hakan zai ci masa kwana biyu maimakon ɗaya. Na ce zan biya na biyun.

Yaron miksa ya nuna mini takunkuminsa na makon jiya kafin ya jefar: waje ja, ciki fari. Na ba shi sabo. Mita 60 aka shimfiɗa yau, saura 340.